Ɗiba a Duhu: Kundin Aikin Littafin Tambayoyin Lissafi

13 ga Janairu, 2025

An fara tattara tambayoyi. Abin da ake son fitarwa shi ne ɗan littafi mai tambayoyi 40, don 'yan ƙungiyar lissafi daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji ɗaya na babba. Salon tambayoyin duk iri ɗaya ne: ga kaya a jaka ko a durowa, ba a ganin abin da hannu ya kamo, to guda nawa za a ɗiba kafin a tabbata an sami abin da ake nema, ko da rashin sa'a ya kai maƙura?

Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu gajeriya ce: idan abubuwa sun fi gurabensu yawa, dole wani gurbi ya ɗauki aƙalla biyu. Ana jingina ta ga masanin lissafin nan na Jamus, Dirichlet, wanda ya yi aiki da ita a 1834, kodayake an ga irinta tun 1622 a rubutun wani Bafaranshe, Jean Leurechon.

An yanke cewa kowace amsa a takardar malami sai ta zo da sassa biyu. Na farko, a nuna ɗiba mafi yawa da za a iya yi ba tare da an sami abin da ake so ba, a rubuta ta launi-launi da adadinta. Na biyu, a faɗi dalilin da ya sa ƙarin guda ɗaya tak zai tilasta samu. Wanda ya kawo lamba tsirara ba shi da cikakken maki, ko da lambar daidai ce.

A cikin littafin, "wari" safa guda ɗaya ce, "ƙafa" kuma wari biyu masu launi ɗaya.

16 ga Janairu

An tsayar da durowa guda da za a riƙa komawa gare ta: safa baƙa wari 12, fara wari 8, shuɗiya wari 6, jimla 26. An zaɓi adadin da ba su daidaita ba da gangan, don tambayoyi daban-daban su ba da amsoshi daban-daban.

Ƙafa ɗaya, kowane launi: ɗiba mafi muni ita ce baƙa 1, fara 1, shuɗiya 1. Ta huɗu ba ta da inda za ta faɗa sai kan ɗaya daga cikinsu. Amsa 4. Lambobin 12 da 8 da 6 ba su shiga lissafin ba sam, kuma wannan ne ke fara rikita ɗalibai, don sun saba duk lambar da ke cikin tambaya sai an yi aiki da ita.

Ƙafa ɗaya shuɗiya: a nan lambobin suka shigo. Hannu na iya kwaso baƙa 12 da fara 8 kaf, 20 ke nan, sannan shuɗiya 1. Har a 21 ba a samu ba. Amsa 22.

Wari biyu masu launi daban: za a iya kwashe baƙa 12 a jere. Amsa 13.

Aƙalla wari ɗaya daga kowane launi: a kwashe manyan tarin biyu, 12 da 8, a bar ƙaramin. Amsa 21. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin babban tarin a maimakon ƙaramin, sai a ce 8 da 6 da 1, wato 15. Amma mutum na iya riƙe da safa 15 ba shuɗiya ko ɗaya a ciki.

21 ga Janairu

Gwaji da hannu a aji. Safa ta gaske ba ta dace ba, don yatsa na bambance kauri da tsawo. An koma ga murafun robar lemo masu girma ɗaya, aka ɗiga fenti a cikin kowane murfi, ba a bayansa ba, don kada a ji shi da yatsa. Jakar kuma ta baƙin yadi ce mai kauri, bakinta da zare.

Matsalar da ta fito ta fi ta kayan aiki girma. Idan aka bar ɗalibai su ɗiba da ka, gwajin yana koya musu akasin abin da ake so. A tambayar ƙafa shuɗiya, yawanci kafin a kai murfi goma sha wani abu an riga an sami shuɗi biyu, sai su ce 22 ƙarya ce. Kuma suna da hujja a idonsu. Kafin a ɗibi 21 ba tare da shuɗi biyu ba, sai biyar ɗin da suka rage a jaka duk sun zama shuɗi. Hanyoyin zaɓen murafu 5 daga 26 sun kai 65,780, kuma 6 ne kawai a cikinsu ke zama shuɗi zalla. Wato kusan sau ɗaya a cikin 11,000. Aji zai iya shafe zango yana ɗiba bai ga wannan ba.

Gyaran da aka yi: ɗalibi ɗaya ke riƙe jakar yana leƙawa, shi ne "mai ƙeta". Ɗayan ya faɗi abin da yake nema, mai ƙeta ya riƙa miƙa masa murfi ɗaiɗai, yana zaɓen wanda zai fi ja masa lokaci. Inda dabararsa ta ƙare, nan amsar take. Da wannan tsarin, su da kansu ke gano 22, kuma gardamar da ke tashi idan mai ƙeta ya yi sakaci ya miƙa shuɗi da wuri ta fi bayanin allo amfani.

25 ga Janairu

An shiga babin "ƙafa biyu", inda jimla ɗaya ke iya ɗaukar ma'ana uku, kowace da amsarta. Dole a fayyace a cikin tambayar.

Idan ƙafa biyun duk launi ɗaya ake so, wari huɗu iri ɗaya ke nan. Mai ƙeta zai ba da 3 daga kowane launi, 9. Amsa 10.

Idan ana son launinsu ya bambanta, zai juye baƙa 12 duka, ya ƙara fara 1 da shuɗiya 1, 14. Amsa 15.

Idan kuma ba a damu ba, kowace ƙafa dai ta dace da kanta, amsar 6 ce. Wannan ta fi buƙatar bayani. A haɗa safar da ke hannu bibbiyu gwargwadon iko. Abin da zai rage ba abokin haɗi ba zai wuce wari ɗaya a kowane launi ba, wato 3. Idan ƙafa ɗaya kawai aka haɗa, safar da ke hannu ba ta wuce 2 da 3 ba, 5 ke nan, misali baƙa 3, fara 1, shuɗiya 1. Ta shida dole ta cike ƙafa ta biyu.

A dunƙule, idan launuka k ne kuma ana son ƙafa p, mafi munin ɗiba ita ce 2(p − 1) + k, amsa kuma 2p + k − 1. Bayan cikar ƙafar farko, kowace ƙarin ƙafa wari biyu kacal take ci. An gwada wannan da wata tambaya da ta fito a gasar lissafin makarantun sakandaren Amurka ta 1986: safa 100 da 80 da 60 da 40 a launi huɗu, ana neman ƙafa 10. Lissafi ya ba da 20 + 4 − 1 = 23, kuma ita ce amsar. Za a sa ta a littafin, don manyan lambobinta na jan hankali zuwa inda babu komai.

1 ga Fabrairu

Yau an bi inda dabarun da aka haddace ke karyewa, wato idan kayan wani launi ba su da yawa.

Dabarar da kowa ya sani ta neman r iri ɗaya daga launuka k ita ce k(r − 1) + 1. Tana ɗauka cewa kowane launi yana da aƙalla r − 1. A durowarmu, idan ana son wari 8 iri ɗaya, dabarar ta ce 3 × 7 + 1 = 22. Amma shuɗiya 6 ce kawai, mai ƙeta ba shi da ta bakwai da zai bayar. Abin da zai iya shi ne 7 + 7 + 6 = 20. Amsa 21. Idan 10 ake so, 9 + 8 + 6 = 23, amsa 24, ba 28 ba; 28 ma ta wuce duk abin da ke cikin durowar. Yadda aka rubuta a takardar malami: a kowane launi, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin r − 1 da adadin da ke akwai, a tara, a ƙara 1.

Dabarar ƙafafu ma tana karyewa. Durowa mai 4, 4, 2, ana son ƙafa 4. Dabara ta ce 8 + 3 − 1 = 10. Amma a cire wari ɗaya kowanne daga cikin goman, abin da ya rage na ɗauke da ƙafa 4. Saboda haka 9 ta isa. Takwas kuwa ba ta isa ba, don 4, 3, 1 ƙafa uku ce kawai. Dalilin karyewar: dabarar na son mai ƙeta ya riƙe wari ɗaya a rataye a kowane launi, alhali ya riga ya ba da ƙafa uku. A nan idan ya rataye duka ukun, iyakarsa 3, 3, 1, wanda ƙafa biyu ne. Kafin ya ba da ta uku sai ya cike wani launi.

Katin Whot ya zo daidai da wannan babin, don siffofinsa ba su da yawa ɗaya. A fakitin mai kati 54, da'ira 12 ce, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai katin Whot 5 masu lamba 20 waɗanda ba su da siffa. Kati 10 masu siffa ɗaya: 9 + 9 + 9 + 9 + 7 = 43, a ƙara Whot 5 da mai ƙeta zai fara zubarwa, 48. Amsa 49. Wanda ya yi 5 × 9 + 1 zai sami 46, ya yi kuskure biyu da suka ɗan rufe wa juna asiri: ya ƙara wa tauraro biyu, ya manta da biyar. Wasu fakitocin ba su da Whot biyar, don haka an rubuta adadin a cikin tambayar. Makarantar da ba ta son a shigo da karta, an tanadar mata irin tambayar da murafu, lambobi ɗaya.

5 ga Fabrairu

An rubuta ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na Python don tantance amsoshi. Ba ta amfani da wata dabara. Tana bin duk yadda ɗiba za ta iya kasancewa, daga sifili zuwa iyakar kowane launi, ta ware waɗanda ba su cika sharaɗi ba, ta ɗauki mafi yawa a cikinsu, ta ƙara 1. Durowar 12, 8, 6 tana da yanayi 13 × 9 × 7 = 819. Whot na da 811,200. Tambayar 1986 na da 20,460,681, wanda ke ɗan jan lokaci. Tun da ƙafa 10 ake nema, ba wani launi da zai wuce 19 a ɗibar da ta gaza, sai aka tsayar da kowanne a 20, yanayin suka sauko 194,481.

Abu biyu ne dole a tsare a manhajar. Idan abin da ake nema ba ya yiwuwa, kamar wari 13 iri ɗaya daga durowarmu, za ta ga 26 ma ta gaza, ta buga 27 ba kunya. An sa mata sharaɗi: amsar da ta wuce jimlar kaya, a rubuta "babu".

Na biyun ya shafi tambayoyin kansu. "Mafi yawan da ya gaza, a ƙara ɗaya" na aiki ne kawai idan abin da aka samu ba ya ɓacewa da ƙarin ɗiba. Wanda ke da baƙa biyu, ko ya ƙara ɗiba yana nan da aƙalla biyu. Amma tambaya irin "baƙa biyu daidai, ba ƙari" ko "fara ta fi baƙa yawa" tana iya cika yanzu ta warware a ɗiba ta gaba. An fitar da irin waɗannan daga littafin, sai guda ɗaya da aka bari a ƙarshe da alamar tauraro, amsarta kuma ita ce ba adadin da zai tabbatar.

12 ga Fabrairu

Babin da ba jaka a ciki, inda ɗalibi ne zai gano guraben da kansa. Wannan ya tafi da sauri.

Mutum 8, dole biyu sun zo duniya a rana ɗaya ta mako. An rubuta ta da sunayen rana, Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, don a ga guraben bakwai ne da zarar an ƙara Altine. A aji mai mutum 50, wata rana ta ɗauki aƙalla 8, domin 7 × 7 = 49 ne kawai. Mutum 45 'yan jihar Kano, dole biyu ƙaramar hukumarsu ɗaya, tun da 44 ne. Jihohin Najeriya 36 da Abuja gurabe 37 ne, amsa 38. Masu cewa 37 sun bar babban birnin tarayya a baya.

A tambayar ranar haihuwa ɗaya a kalandar Miladiyya amsa 367 ce, don kwanakin 366 ne saboda 29 ga Fabrairu. Ta Hijiriyya ta fi daɗi. Shekarar kwana 354 ce ko 355, sai hankali ya tafi 356. Amma mutanen ba a shekara ɗaya aka haife su ba, kuma bisa ganin wata kowane wata na iya cika 30 a wata shekarar. Kwanakin da za a iya rubutawa 12 × 30 ne, 360. Amsa 361.

Daga lambobi 1 zuwa 20, nawa za a zaɓa a tabbata biyu sun haɗa 21? Gurabe goma ne, 1 da 20, 2 da 19, har 10 da 11. Amsa 11. Idan aka mayar da jimlar 20, guraben bibbiyu tara ne, 1 da 19 har 9 da 11, sai 10 da 20 da ba su da abokin haɗi, kowanne gurbin kansa. Gurabe 11, amsa 12. An jera tambayoyin biyu kusa da juna.

20 ga Fabrairu

Takalma da safar hannu. Nan akwai dama da hagu, don haka launi kaɗai bai isa ba.

Baƙin takalmi ƙafa 10, ja ƙafa 10, duk a buhu, ana son dama da hagu masu launi ɗaya. Mai ƙeta zai miƙo na hagu 20 duka. Amsa 21. Ƙa'idar ita ce jimlar ƙafafu a ƙara 1, komai yawan launuka.

Sai dai kowane yaro ya san hannu na gane takalmin dama da na hagu ko a duhu. Launi ne ba ya ganewa. Idan tambaya ta yarda da laluben, lissafin ya sauya gaba ɗaya, don mai ɗiba yanzu yana zaɓen nawa zai ɗauka a kowane ɓangare. Da 10 da 10: ya ɗibi hagu 11, dole launi biyun suna ciki, sai dama 1. Amsa 12. Ƙasa da haka ba ya yi, don muddin kowane ɓangare bai wuce 10 ba, hagu na iya zama baƙi zalla, dama ja zalla.

Da baƙi ƙafa 10 da ja ƙafa 4, wannan hanyar ta ba da 12, amma akwai wadda ta fi ta. A ɗibi hagu 5 da dama 5. Ja huɗu ne kawai a kowane ɓangare, saboda haka akwai baƙi a hagu, akwai baƙi a dama. Amsa 10, alhali ba lalube 15 ce.

An nemi ƙa'idar da za ta haɗa waɗannan, kuma ta samu. Mai ƙeta na tsira ne kawai idan ya raba launukan gida biyu, wasu ga hagu, sauran ga dama. Don haka a rubuta duk jimlolin da za a iya haɗawa daga adadin launukan, daga sifili zuwa duka, a jera su, a nemo tazara mafi girma tsakanin biyu da ke bin juna. Amsa ita ce jimlar ƙafafu, a cire tazarar, a ƙara 2. Da 10 da 10, jerin 0, 10, 20 ne, tazara 10, amsa 20 − 10 + 2 = 12. Da 10 da 4, jerin 0, 4, 10, 14, tazara 6, amsa 14 − 6 + 2 = 10. Da launi uku, 10 da 4 da 3, jerin 0, 3, 4, 7, 10, 13, 14, 17, tazara mafi girma 3, amsa 16, ana iya samunta da 8 da 8, ko 11 da 5, ko 15 da 1. Ba lalube 18 ce, wato laluben ya rage biyu kacal. Yawan launuka na cike tazarar, amfanin laluben sai ya ragu.

Wannan ƙa'idar ta yi wa 'yan aji uku nauyi. Za a ba su misalan launi biyu kawai, mai launi uku ya tafi shafin ƙarshe. Manhajar kuma ba ta san lalube ba tukuna. Sai an ƙara mata zagaye na waje da zai bi kowane adadin hagu da dama kafin ta shiga launuka.

27 ga Fabrairu

An kammala tambayoyi 31 da amsoshinsu masu sassa biyu, duk sun bi ta manhaja in ban da huɗu na lalube. Tara da suka rage: uku a kan takardun kuɗi, uku a kan lambobi, uku masu tauraro.

Ta farkon kuɗin ta tsaya haka: a aljihu akwai ₦100 guda 5, ₦200 guda 4, ₦500 guda 3, nawa za a zaro a tabbata an kai ₦1,000? Mai ƙeta zai fara da ƙananan, ɗari biyar daga 'yan ɗari-ɗari, sannan ₦200 biyu, takarda 7 ke nan da ₦900. Amsa 8. An guji sa ₦5 zuwa ₦50 a ciki, don na leda ne, yatsa na raba su da na takarda, sai tambayar ta koma irin ta takalma.

A cikin masu tauraro ana duba tambayar mutum shida, wadda ke cewa dole a sami uku da duk sun san juna ko uku da ba wanda ya san wani, daga aikin Frank Ramsey na 1930. Sashenta na biyu yana amfani da ƙa'idar gurabe kai tsaye: mutum ɗaya yana da sauran biyar, dole uku su faɗa ɓangare guda. Sashen farko kuma yana buƙatar zane mai kusurwa biyar da ke nuna mutum biyar ba su isa ba. Sai an ga ko zanen zai fito sarai a bugun baƙi da fari, da layi cikakke da layi ɗigo-ɗigo, kafin a yanke shigar da ita.